Ruwan Soda a Tulu

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau na ga ikon Allah da idona. Mai, wanda in ya ɗiga a zane sai an yi ta dirza, shi ne ya koma abin wanke mai. Malama Habiba ta kifar da akwatin zubi a kan tebur, ta ɗaga, sai ga sabulu fari tas, ta sa zare ta yanka shi gunduwa-gunduwa. Mu ashirin muka zuba ido. Ni da nake ji da kaina wai na yi lakol har aji shida, bakina a buɗe har ƙuda ya kusa shiga.

Wannan littafin na awo ne aka ba mu, mu riƙa rubuta yawan mai da yawan soda. Na juya shi ta baya na mai da shi na hira, tunda ba ni da abokin yi. Mijina Ɗanlami ya tafi ci-rani Agadas ina da cikin Mujahid, ga Mujahid yau wata takwas, uban bai san kamanninsa ba. Ni Asama'u, 'yar gidan da ke da rumbu bakwai a Tibiri, ga ni a bayan tashar Agiye cikin ɗakin zana da leda, ina wankau da kalar aya a gonakin mutane.

To, Allah ya kawo gidan sana'a. Mata masu goyo kaɗai ake ɗauka, wata uku, wadda ta kai ƙarshe a ba ta takardar shaida da kayan farawa, bokiti da ma'auni da akwatin zubi da mai da soda. Ba abin da nake so a duniya yanzu kamar akwatin nan.

Bibbiyu aka haɗa mu. Tawa abokiyar Safina ce, Bafillatana, fari ya cinye masu shanu suka zauna a ƙarshen unguwarmu, mijinta na kiwon na wasu can kudu. Na ce mata, "Ke da ba ki san komi ba sai toka, mi ya kawo ki?" Ta ce, "Na zo in ga abin da Haɓe ke wanka da shi har yau ba su fita ba." Na yi dariya. Ina son matar nan.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan azahar

Malama ta zuba garin soda cikin ruwan sanyi, ba wuta ba itace, bokiti ya ɗau zafi har yana hayaƙi. Subhanallahi. Da ya kwanta ta ɗaga mana shi ta ce, "Ku duba da kyau. Mi ya raba shi da ruwan sha?" Muka ce ba komi. Ta ce, "To shi ne mugun abu." Ta zare safar hannu ta nuna mana tabo a wuyan hannunta, fatar ta tattare. Ɗigo biyu ne, in ji ta, shekara tara ke nan.

Dokokinta kamar karatun allo muke bin su. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba. Bokitin roba shuɗi mai murfi, ban da kwanon ƙarfe, ban da kwalbar lemo. A kulle shi a ɗakin kaya har ya huce, sannan a haɗa shi da mai.

Awo nawa ne, don ni na iya karanta ma'auni. Juyi kuwa na Safina ne, kuma ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Mu sai mun duba agogo, mu ɗago muciya, mu kira Malama ta gani. Ita tana juyawa tana kallon wani wuri, can sai ta tsaya ta ce, "Ya kama." Malama ta zo ta duba, ya kama ɗin. Ta tambaye ta wa ya koya mata, ta ce ai tun tana ƙarama take kaɗa nono, hannu ke ji in mai ya tashi, ba ido ba. Na ce ashe dai kiwo ma lakol ne.

Yaranmu suna gindin bishiyar bedi a tsakar gida, wata tsohuwa na duba su, a nan randar ruwan sha take cikin jiƙaƙƙen rairayi. Ni dai da ɗan tuluna nake zuwa, wanda na ɗaure tsagaggen wuyansa da waya, don ruwansa ya fi na randa sanyi. Safina da 'yarta Farida sun mai da shi nasu. Farida shekararta biyu, baki kamar ganga, da ta hango ni sai ta rugo, "Ma'u, yuwa." Ta iya karkata shi da kanta ta kafa baki.

Laraba, 9 ga Afrilu, hantsi

Akwatin zubi huɗu ne, mu kuwa ƙungiya goma. Malama ta ce waɗanda ruwan sodarsu ya fara hucewa su za su zuba yau, saura sai mako mai zuwa. Tun sassafe muka jiƙa, amma ɗakin kayan rufin kwano ne, ga bazara, bokitan sai ƙara zafi suke kamar an ɗora su a murhu.

An kira Malama buro, wato ofis, ta sa hannu a takardar mai. Ta ba ni mabuɗin ɗakin kaya ta ce in riƙe, don ni ke duba ma'auni.

Ashe karatu na rufe wa mutane ido. A gidan wa ake shanya ruwan zafi a roba? Duk 'yar da aka haifa a ƙasar nan ta san abin da ke sanyaya ruwa. Ƙarfe aka hana, ba a hana ƙasa ba. Tuluna ya ƙare tun ɗazu, na juye namu a ciki, na kai shi gindin bedi na binne gindinsa a rairayin randa. Kafin Malama ta dawo ya yi sanyi ƙalau. Ko Safina ban gaya wa ba, so nake su sha mamaki. Bari in ba Mujahid nono, yana kuka, in dawo in tsaya a kansa.

Laraba, magariba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Farida.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan asuba

Ina bayan aji, Mujahid na tsotso, na ji ƙarar. Ba kukan yaro ba ne, ban san sunan abin da na ji ba.

Safina ce ta fara isa. Ta zube a gwiwa cikin rairayin ta ɗauke ta. Leɓen yarinyar ya yi fari, miyau na zuba, tana tura hannu a baki. Mata suka taru, wannan na cewa a ɗura mata manja, waccan na cewa nono, wata ta ce a sa yatsa ta amayar. Daidai nan Malama ta shigo. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce, "Wadda ta sa mata yatsa sai na karya yatsan. In ya hito zai sake ƙona hanyar da ya bi." Ta kifa fuskar yarinyar ƙasa tana ta wanke mata baki da ruwan randa, moɗa bayan moɗa. Ta tare ɗan kabu-kabu suka kai ta likita, asibitin garin nan, ita da Safina. Kafin la'asar aka wuce da uwar da 'yar Maraɗi.

Ƙofar ɗakin kaya a buɗe take, bokitinmu a bakin ƙofa da ɗan sauran ruwa a ciki. Kowa ya ce a nan ta sha, sannan ta rugo gindin bedi neman ruwa ta ture tulu ya fashe. Tsohuwar da ke duba yara tana ta rantsuwa ba ta ga fitarta ba, rabon faɗan wasu biyu take. Ba wanda ya saurare ta.

Da aka watse zuwa bakin hanya, an share gindin bedi. An kwashe tsingaron da rairayin da ya jiƙe, an zuba a shadda. Yau tafin hannuna duk ya saɓule.

Mabuɗin na miƙa wa Malama da ta dawo da yamma. Ta karɓa ta sa a jaka.

Asabar, 12 ga Afrilu, tsakar rana

Ba labari. Na ɗebi ruwa a moɗa na kai baki, na mayar.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Malam Haladu na meri, ofishin magajin gari, wanda gidan sana'a ke ƙarƙashin buronsa, ya zo da kwaɗo a aljihu. Ya tara mu a tsakar gida ya ce yarinya na da rai, an sa mata roba ta hanci ana ba ta abinci ta nan, ba a san ko za ta sake haɗiya da bakinta ba. Sannan ya ce, "Wa ya bar ɗakin ga buɗe?"

Malama ta ce, "Mabuɗi ni aka ba amanarshi."

Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Ta sake cewa, "Mabuɗi ni aka ba." Ba ta dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Na yi ta jira ta juyo, na shirya ma abin da zan ce in kare kaina, ba ta juyo ba. Wace irin mace ce wannan? Aikin nan da shi take ci da marayu uku na ƙanenta, kowa ya sani.

Ya tambaye mu ko akwai wadda ta ga wani abu. Kowa ya ce a'a. Akwai muryata a ciki.

Ya rufe aji da kwaɗonsa. Ya ce komite zai zauna ranar Juma'a biyu ga watan gobe, in magana ta tsaya a haka za a sallami Malama, a rufe koyon sabulu gaba ɗaya. Kafin mu fita ƙofa mata uku sun ce mazansu sun hana su dawowa ko an buɗe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san sauran.

In na yi magana, ni za a kora, akwatin zubi ya tafi. In na yi shiru, za a kori ashirin da malamarsu. Lissafin da ko wadda ba ta shiga lakol ba za ta yi shi, ni mai aji shida na kasa.

Alhamis, 17 ga Afrilu, la'asar

Na koma wankau. Da gunduwar da aka raba mana ta zubin farko na wanke kayan matar mai shagon taya. Kumfa har gwiwar hannu, farar rigar mijin ta fita kamar sabuwa. Ta shinshina ta ce, "Ma'u, ina kika sayi wannan?" Na ce yinmu ne. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Da ta gane gaskiya ne ta ce in kawo mata duk mako, ita da ƙawayenta.

Abin da na yi ta roƙo ke nan, ya zo har ƙofa. Na zauna a bakin rijiyarsu na yi kuka, ta ɗauka na murna ne.

Lahadi, 20 ga Afrilu, magariba

Malama ta ce in raka ta Maraɗi dubiya, tunda ni ce abokiyar aikin Safina. Na nemi dalilin ƙi na rasa.

Farida ta rame, sai idanu. Roba a hanci, leɓen ya yi ɓawo baƙi. Ta gan ni ta motsa baki, sauti bai fito ba, amma na san abin da ta ce.

Akwai wani dattijo a kan tabarma da sanda a gefensa, Bappa Jaye, ƙanen uban Safina, da surukarta. Safina na zaune a ƙarshen gado ta ba yarinyar rabin baya. 'Yar fari ce, a gaban manya ba za ta rungume ta ba, ko sunanta ba za ta kama ba. Mu ma muna da wannan kunyar, amma tasu ta fi tamu nisa. Na lura dai hannunta ɗaya na ƙarƙashin zanen rufa, yana riƙe da ƙafar yarinyar, har muka tashi bai saki ba. Kwana goma sha ɗaya, matar gadon kusa ta ce ba ta ga hawayenta ba, ba ta kuma ga ta kwanta ba.

Na yi mata sannu da murya kamar ta aro. Ta ce, "Jam, lafiya lau. Sabulun namu ya bushe?" Na ce an rufe aji. Ta ce, "Ba kyau. Mata suna so." Ta tashi tana ɗingishi, ta zubo ruwa daga gorarta ta miƙo mani. "Sha, Ma'u, kin sha rana."

Na riƙe kofin har muka fito. Malama ce ta karɓa ta ajiye a kan taga.

Talata, 22 ga Afrilu, hantsi

Mujahid ya fara rarrafe. Randa ya nufa, na daka masa tsawar da sai da maƙwabta suka leƙo.

Laraba, 23 ga Afrilu, azahar

Ba labari.

Alhamis, 24 ga Afrilu, azahar

Tulun nawa ne. Hannun da ya zuba nawa ne, wanda ya share ma nawa ne. Garin gyaran gira na tsone idon 'yar mutane. Na rubuta, na ɗauka zan ji sauƙi, ban ji ba. Takarda ba ta da 'ya a asibiti.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je gidan Malama. Na same ta a bayan ɗaki tana haɗa sabulu ita kaɗai, ƙofa a kulle, yara a waje. Kafin in gama sallama ta miƙo mani safar hannu da muciya ta ce, "Juya, hannuna ya gaji."

Ina juyawa na faɗa mata duka, har shadda. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Na san ke kika buɗe ɗaki. Tulun ne ban sani ba." Ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. "Shekara tara ina koyarwa. Na hana ƙarhe, na hana kwalba, na hana kohi. Tulu bai taɓa zo mani a rai ba, alhali ni ma ɗiyar tulu ce. Takardar da aka koya muna da ita, waɗanda suka rubuta ta ba su shan ruwan tulu."

Na ce me ya sa ba ta faɗi sunana ba. Ta ce ita ta ba mai goyo mabuɗin guba ta tafi, wannan nata ne, kuma shi ta ɗauka. "Naki kuwa ba ni ɗaukar maki, ba ni kuma ƙwace maki shi. Ke kika san inda za ki kai shi."

Na so ta zage ni. Wallahi da ta mare ni da na fi samun barci. Sai kawai ta leƙa bokitin ta ce, "Tsaya haka, ya kama. Kin ji shi a hannu?" Na ji shi kuwa, karo na farko.

Laraba, 30 ga Afrilu, la'asar

An dawo da Farida likitar Agiye. An cire robar, ana ƙara mata ruwa ta hannu. Lokotoro ya ce ciwon maƙogwaron ya warke yadda za ta iya gwada koko mai ruwa-ruwa, amma ta ƙi buɗe baki. Da ta ga cokali ko moɗa sai ta datse haƙora ta yi ta karkarwa. An ba su zuwa Litinin. In ba ta haɗiya ba, a koma Maraɗi a huda mata ciki a riƙa zuba abinci ta nan.

Na je har ƙofar likitar sau biyu na juyo.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Da hantsi aka zauna a rumfar meri. Malam Haladu da mai unguwa da wasu biyu a kan kujeru, Malama a tsaye, mu a tabarma. Bappa Jaye ya zo, ya zauna can gefe da sandarsa. An karanta takarda da Faransanci aka juya mana, ƙarshenta dai sakaci ne na Malama. Malam Haladu ya ɗauki bik zai sa hannu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mujahid na bayana, na ji nauyinsa kamar buhun gero. Hausar gidanmu ce ta fito, wadda nake ɓoyewa don kar a yi mani dariya.

"Ni ta. Ba Malama ba ta. Ni naz zuba ruwan cikin tuluna don shi huce, nak kai shi gindin bedi. Can ɗiyar tash sha. Ni nash share wurin."

Na jira zagi. Sai wata daga bayana ta ce a hankali, "Tulu? Wallahi ni ma da na tuna da haka zan yi." Wata ta ce ita ma. Tsohuwa mai duba yara ta fashe da kuka tana cewa, "Ban gaya maku ba? Ban gaya maku ba ta je ɗakin ba?" Ita ce ban ma tuna na zalunta ba.

Sun shiga buro sun daɗe. Da suka fito aka ce Malama ta ci gaba, za a buɗe aji ranar Litinin, a yi wa yara shinge nesa da wurin aiki, randa ta koma can. Malam Haladu ya ja layi a kan sunana ina gani. Ba takarda, ba akwati.

Mai unguwa ya tambayi Bappa Jaye ko yana so a kai magana jandarma. Dattijon ya miƙe ya dafa sanda, ya ce, "Magana na hannun uwar yarinya." Ya tafi bai dube ni ba.

Asabar, 3 ga Mayu, hantsi

Na haɗa kayan Mujahid a ƙunshi, na gaya wa maƙwabciyata yadda yake son kununsa, ko da za a zo ɗaukata. Na sha ruwa moɗa biyu.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Da hantsi aka yi sallama. Bappa Jaye ne da kansa, ba jandarma. Ya ce, "Tana kira." Na bi shi, yana gaba ina baya, har likita.

Surukar na kan tabarma. Safina na ƙarshen gado kamar dai wancan zaman. Farida ta ƙara ramewa, ga kwanon koko a ƙasa ya yi sanyi ba a taɓa ba. Na durƙusa na fara magana, Safina ta ɗaga hannu. Ta ɗan janye zanenta ta nuna mani gwiwoyinta. Duka biyun sun saɓule, sun yi sabuwar fata ja.

"Rairayin da na durƙusa ya gaya mani tun ranar," ta ce. "Ruwan sha ba ya cin gwiwa."

Ashe da ta miƙo mani ruwa a Maraɗi ta sani. Na ce, "Mi ya hana ki faɗi?" Ta ce, "Na yi fushi, Ma'u. Kwana uku in na rufe ido wuyanki nake gani. Amma ke kike ba shi ruwa kullum, ni na gani. Ba ki zuba don shi ba." Haka take ce wa yarinyar, shi, yau ban yi mata dariya ba. Ta ce an gaya mata an share sunana. "Ni ban iya ma'auni ba. Abin da Malama ya koya da safe, in kawo maki da yamma. Ke awo, ni juyi. Akwati ɗaya ya ishi mutum biyu."

Na kasa ɗaga kai. Sai na ji ta tura mani kwanon koko da ƙafa.

"Ma'aikata in sun zo, tsoro yake ji. Ni kuwa," ta ɗan karkata kai wajen surukarta da Bappa, "ba ni iya yi mashi wasa a nan. Ke yake buɗe ma baki. Tun Laraba nake so in kira ki, na ce hannun da ke ɓoye abu rawa yake, zai zubar. Yanzu kin sauke. Ɗauki."

Ta juya fuskarta bango. Hannun nan na ƙarƙashin zanen rufa.

Na zauna a bakin gado na ɗora Farida a cinya. Ba ta da nauyin kaza. Ta ga cokali ta datse baki. Na ajiye shi, na yi mata tafin da muke yi a gindin bedi, na yi kukan akuya, na yi na jaki, ni babbar mace a gaban dattijo. Na sha kokon ta gani, na lashe baki. Na ba Mujahid ya sha ya ɓata fuska. Sai ta ɗan yi murmushi, leɓen ya tsage kaɗan, na kai rabin cokali.

Ta riƙe shi a baki. Na ga idonta ya cika da tsoro, na ce, "Haɗiye, ɗiyata, ni ce Ma'u," alhali ban san ko wannan sunan abin yarda ne ba. Sai na ga maƙogwaronta ya motsa.

Allahu akbar. Na ga sabulu ya fito daga mai, na ga ruwa ya tafasa ba wuta, ban ga abin da ya kai wannan ɗan motsin ba. Bappa Jaye ya rufe fuska da rawani. Kafaɗun Safina na rawa, ba ta juyo ba.

Cokali bakwai ta sha. Na takwas ta ture, ta dube ni, muryar ta fito a shaƙe. "Yuwa."

Safina ta laluba gorarta, ta zuba a kofi, ta miƙo mani ta baya.

Na kurɓa da bakina tukun, na haɗiye tana kallo, sannan na ba ta.